Na gyara gidana da hannuna, shin inshorata ta karye?

Wani magidanci daga Mabera ya aiko da wannan: "Malam, bara na shiga takaful (inshorar Musulunci) na gobara da iska saboda gidana. Bayan nan, ni da ɗan ƙanena munka haɗa sola da kanmu, na jawo waya na ƙara soket na esi a ɗakin uwargida, na sake kwano shida da iska taɗ ɗaga, kuma na fasa katanga na fitar da ɗan shago. Wani abokina yac ce tunda ba ƙwararre yay yi wanga aiki ba, ko gidan ya ƙone ba su biyana ko sisi. Haka abin yake?"

Alhaji, abokin naka ƙishin-ƙishin ya ji, bai ji zancen duka ba. Na daɗe ina aikin tantance asara, wato mu ake turawa bayan gobara ko iska mu duba abin da ya faru mu rubuta wa kamfani rahoto, kuma ban taɓa karanta takardar inshorar gida da ta ce da zarar mai gida ya ɗauki guduma yarjejeniya ta warware ba. In mun zo, abu biyu muke bi. Daga ina ɓarnar ta faro? Sannan gidan nan da ya lalace, shi ne wanda aka kwatanta wa kamfani ranar da aka cike fom, ko ya rikiɗa ya zama wani gida ba su da labari? Ayyukan nan naka huɗu ba nauyinsu ɗaya ba. Kwano ba wani abu ba ne. Soket ya ɗara shi, sola ta fi soket, shagon da ka ambata a ƙarshe kamar ba komai ba kuwa, shi ya fi damuna.

Bari in fara kwantar maka da rai. Don kuskuren ɗan Adam aka yi inshorar gobara. Uwargida ta manta mai a kan wuta, yaro ya bar dutsen guga a jone aka kawo wuta cikin dare, maganin sauro ya faɗa kan katifa: duk sakaci ne, kuma duk ana biya. Da sakaci kaɗai na hana diyya, da kusan babu wanda zai taɓa karɓa. Sai dai in ka buɗe takardarka za ka tarar da sharaɗin da ke cewa sai ka ɗauki matakin da mai hankali zai ɗauka don kare dukiyar. A nan ake kama wanda ya ga haɗari ƙuru-ƙuru, ya san haɗari ne, ya ce Allah ya kiyaye ya wuce abinsa.

Kalmar "ƙwararre" ma sai an tsaya a kanta. Da yawa a garin nan in sun ce sun kira ƙwararre, yaron da ke zama a bakin shagon kayan wuta suke nufi, mai filaya da salatif a aljihu. Wasu cikinsu sun iya aiki ƙwarai, ba na raina su. Amma a idon kamfani, aikin da babu rasit, babu sunan wanda ya yi, babu shaidar an gwada shi, da naka da nasa duk ɗaya ne. Hukumar NEMSA ce ke ba masu wayarin takardar shaida a Najeriya, ita ke da alhakin duba haɗin wuta. Mai riƙe da irin wannan takardar shi ne sa hannunsa ke da nauyi in magana ta kai ga jayayya.

Yanzu wuta, don a nan yawancin asarar take.

Akwai wani gida da na je a ɗaya daga cikin sababbin unguwannin bayan gari, cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40 kowa na neman inda zai sa kansa. Falo da ɗaki ɗaya sun cinye, silin ya zubo. A jikin bango baƙin hayaƙi ya yi tsini daga ƙasa ya baje zuwa sama, kuma tsinin nan shi ke nuna mana inda za mu fara tono. Muka bi shi har cikin silin. Can muka tarar da wayar fitila, 'yar siririyar nan mai lamba 1.5, an feɗe ta an murɗa wata a jikinta an naɗe da salatif, ita ta tafi ta ciyar da esi da firiza. A bakin inda ta tsinke, jan ƙarfen ya narke ya dunƙule kamar ƙwayar gero. Jan ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,085, abin da gobarar ɗaki ba ta cika kaiwa ba, saboda haka in mun ga wannan ƙwayar mun san wuta ta yi tartsatsi a wurin. Na buɗe akwatin bireka, sai ga mai amfiya 63 a kan layin. Na tambayi mai gidan, dattijo mai kirki, ya ce mini, "Ai ƙaramar ce ke ta faɗuwa, shi yas sa nis sa babba."

Wannan maganar ita kamfani ya riƙe. Bireka ba don ta ba ka haushi take faɗuwa ba, gaya maka take waya ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta. Wanda ya cire ta ya sa babba ya toshe bakin mai gargaɗi ne. Kuma ba cewa nake da ya yi shiru ya tsira ba: bireka 63 a kan waya 1.5 ba ta bukatar mai fassara. An yi wata da watanni ana kai-kawo, daga ƙarshe aka sasanta a kan abin da bai kai abin da ya nema ba.

To ka duba naka. Esi layinta daban ake ja mata tun daga akwati, da waya 2.5 ko 4 gwargwadon girmanta da nisan wurin, da birekarta ita kaɗai. In haka ka yi, ka yi daidai, ko da kai ka ja da hannunka. In kuwa daga soket na kusa ko daga wayar fitila ka ɗano, a sake. Ka kuma kankare bakin wayar da wuƙa ka gani, don kasuwa cike take da wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. In ka ga fari a ciki, lambar da aka rubuta a jikinta ƙarya ce. Cikin silin ɗin kwano a bazara tanda ce, waya a can ba ta ɗaukar abin da za ta ɗauka a sarari. Ga kuma wutarmu da ke zuwa ƙasa-ƙasa, injin esi ya yi ta nishi yana ƙara ja.

Sola ta fi wannan wuyar sha'ani, saboda mutane na ganin ai batir ne, ba ya kisa. Yi lissafi da kanka. Inbata mai wat 3,000 in tana aiki da ƙarfinta, a ɓangaren gida mai bolt 230 amfiya 13 kacal take bayarwa. Amma a ɓangaren batir, in haɗin bolt 24 ne, abin da take ja ya kai amfiya 125. Shi ya sa wayar batir take da kauri kamar yatsa. Noti ɗaya da bai ɗauru ba a kan batir ya isa ya yi jawur. Sannan wutar batir da ta faranti ba irin ta NEPA ba ce: ta NEPA tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, tartsatsinta na mutuwa da kansa, ita kuwa wannan in ta kama sai ta riƙe. Don haka birekarta da fis ɗinta daban ne, kuma sau da yawa abin da nake tararwa shi ne an sa mata birekar gida, ko ba a sa komai ba. Batir mai ruwa yana fitar da iska mai kamawa in yana caji, ga shi mutane a sito suke kulle shi tare da katifu da buhunan gero. Na litiyam kuma ba ya shiri da zafi. Sai canjoba, makunnin da ke sauya layin wuta: gidan da ke da NEPA da janareta da inbata, in ba a raba su yadda biyu ba za su taɓa haɗuwa ba, wata rana sai sun haɗu.

Ta fuskar inshora, sola ta taɓa ka ta wuri uku. Ta ƙara wa gidan haɗarin da babu shi ranar da aka yanke maka kuɗin shiga. Dukiya ce mai tsada da ba ta cikin lissafin da ka bayar, don haka ko ta ƙone ba a san da ita ba. Sannan takardun gobara galibi suna da wani sharaɗi a kan kayan lantarki: na'urar da wutar cikinta ta ƙona ta, ita kanta ba a biyanta, sai abin da gobarar ta bazu ta cinye. Wato in inbata ta kama ta cinye ɗaki, ana iya biyan ɗakin a bar ka da inbatarka.

Kwano shida da ka sake, madalla. Wannan kula da gida ne, kamfani ma so yake ka yi. Fenti, sake kan famfo, toshe tsaga da siminti, gyara ƙofa, duk babu wanda zai ce ka sanar da shi. Abin da zan tambaye ka kawai: da ka hau, ka duba katakon da ka buga ƙusar a ciki? Iskar farkon damina, ta Mayu zuwa Yuni, ba ta ɗaga kwano ɗaya-ɗaya in katako ya mutu, rufin take naɗewa gaba ɗaya ta ajiye a gidan maƙwabci. In na zo na ga duk layinku rufi na nan sai naka, na tsokani katako da makulli ya zube gari saboda gara, ko na ga babu langa-langan da ya ɗaure shi da gini, rahotona zai ce tsufa da rashin kula ne, iska ta zo ta tarar ne kawai. Inshora ba ta biyan tsufa. Haka gidajen nan na yayi da ake ɓoye kwano a bayan gini: ƙurar hunturu da leda su toshe magudanar, ruwan farko ya rasa hanya ya koma cikin silin. Mai gida ya ce ruwa ya yi masa ɓarna, takarda ta ce ba iska ce ta buɗe rufin ba. Ka tuna kuma farantan solarka a kan kwanon nan suke, kowane noti huda ne, kuma farantin da ba a ɗaure da kyau ba fiffike ne.

Akwai wata ƙa'ida da ta shafi duk aikin hannu, naka ko na birkila: kamfani ba ya biyan kuɗin sake aikin da aka yi ba daidai ba. Ka haɗa fayif ya ɓalle, kuɗin fayif naka ne. Tayil da kujerun da ruwan ya lalata kuwa, ya danganta da yadda aka rubuta takardarka, wasu na biya wasu sun keɓe. Wanda ya rushe bangon tsakiya don ya faɗaɗa falo, ko ya ɗora tanki a kan rufin banɗaki, ya sani lita 1,000 ta ruwa tan guda ce cur. In gini ya zauna saboda haka, ba gobara ba ce, ba iska ba ce, ba ambaliya ba ce, babu gurbinsa a takardar gobara ko kaɗan.

Mu zo ga shago. Ranar da ka cike fom, an tambaye ka me ake yi a ginin, ka ce gidan zama ne. A kan wannan amsar aka yanke maka abin da za ka biya, kuma gidan zama shi ne mafi arha. Takardar gobara tana ɗauke da sharaɗin cewa in aka sauya yadda ake amfani da ginin ta hanyar da ta ƙara haɗari, kariya ta tsaya a kan abin da sauyin ya shafa, sai in kamfani ya amince a rubuce tun kafin asara. Lura da bambancin. A maganar soket sai an nuna aikinka ne ya jawo wutar, ko ka yi ganganci. A nan kuwa ko injiniya ne ya fitar maka da shagon, ya zuba linta mai kyau, matsalar na nan, don ba kyawun aiki ake magana ba, gidan ne ya sauya.

Kuma ba ka gaya mini me ake sayarwa a ciki ba. Mai sabulu da omo da taliya daban, mai cajin waya da soket hamsin a jikin katako daban, tela mai dutsen guga daban. In ɗan bumburutu ne ke ajiye jarkokin fetur a ciki da dare, ko mai ɗura gas, to gaskiya kamar ba ka da inshora ne, kuma ban san kamfanin da zai karɓe shi a farashin gidan zama ba. Duk wanda ya ga gobarar babbar kasuwarmu a Janairun 2021 ya san yadda wuta ke bin silin daga shago zuwa shago. Silin ɗin shagonka da na ɗakunanka, in ba a kai bango har ƙarƙashin kwano an raba su ba, rami ɗaya ne. In ka bar ƙofa tsakanin shagon da cikin gida, ta shafi inshorar sata ma, in kana da ita, don ita sai an nuna an fasa ko an ɓalle take biya. Sannan in haya ka bayar, ka shiga wani babi: tun a dokar inshora ta 2003, sashe na 65, ginin da ɗan haya ke ciki ko wanda jama'a ke shiga don ciniki yana cikin waɗanda inshora ta zama dole a kansu, kuma sabuwar dokar da aka sa wa hannu a 2025 ba ta ɗauke wannan ba. Izinin hukumar tsara birane ta jiha shi ma ana tambayarsa in rigima ta tashi.

Ka duba kuma ko takardarka ta haɗa da haƙƙin wasu. Ta gobara zalla dukiyarka kaɗai ta sani. In wuta ta tsallaka gidan maƙwabci, ko kwanonka ya tashi ya sari ɗan mutane, sai wadda ta ƙunshi wannan sashen. Ɗan ƙanenka ma da ya hau tsani, in a gidanka yake zaune, galibi ba ya cikin "wasu", ɗan gida ne.

Akwai wata asarar da ke zuwa ko babu wanda ya yi laifi. Duk gyaran da ka yi ya ƙara wa gidan daraja, ga siminti da rodi ba inda ka bar su bara suke ba. A ce ka rubuta gidanka miliyan 20, alhali sake gina shi yau zai ci miliyan 30. Gobara ta yi ɓarnar miliyan 9. Za ka ce ai 9 ba ta kai 20 ba, a biya ni duka. Ba haka ake yi ba. Kashi biyu cikin uku na gidan ka sa a inshora, don haka kashi biyu cikin uku na asarar za a ba ka, miliyan 6, sannan a cire ɗan kason farko da takarda ta ce kai za ka ɗauka. Ban taɓa yi wa mutum wannan bayanin a kan toka ya ji daɗinsa ba.

Masu son aikin hannu suna da wata ɗabi'a da ke cutar su bayan asara: kafin gari ya waye sun share, sun kwashe, sun fara gyara. Mu zo mu tarar da fenti sabo, to me za mu auna? Abin da zai hana ɓarna ƙaruwa, yi shi nan take, kamar rufa tamfol ko kashe wuta daga mita. Amma ka ɗauki hoto da bidiyo kafin ka taɓa komai, ka sanar da kamfani a ranar ko washegari, ka karɓi rahoton 'yan kwana-kwana, kuma kada ka zubar da ƙonanniyar waya ko bireka. Sau da yawa ita ce ke wanke mai gida, ta nuna wutar ba daga aikinsa ta taso ba.

Kada ka ɗauka duk ƙarfin a hannun kamfani yake. Dokar 2003, kafin ta 2025 ta maye gurbinta, ta kafa abu biyu don kare mai inshora. Sashe na 54 ya ɗora wa kamfani ya tambayi abin da yake ganin muhimmi ne a fom, abin da bai tambaya ba ba zai dawo ya ce ka ɓoye ba. Sashe na 55 kuma ya ce saɓa sharaɗi ba ya zama hujjar ƙin biya sai in sharaɗin yana da alaƙa da haɗarin ko asarar. Iska ta kwashe rufi, ba a ce maka ai soket ɗinka ba shi da takarda. Wanda aka yi wa irin wannan yana iya kai ƙara sashen koke-koke na NAICOM, hukumar da ke kula da kamfanonin inshora da na takaful duka. Kasancewar taka takaful ce bai sauya waɗannan sharuɗɗan ba. Abin da ya bambanta shi ne asusun da za a biya ka daga ciki gudummawar 'yan'uwanka mahalarta ce, don haka wanda ya shigo da haɗarin shago a kuɗin gidan zama, su ya ɗora wa nauyin.

Ba a fafe gora ranar tafiya, Alhaji, cikin makon nan za ka yi abin da ya rage. Samo mai wayarin da ke da shaidar NEMSA ya bi layin esi da haɗin sola da canjoba, ya gyara abin gyarawa, ya rubuta maka abin da ya gani ya sa hannu da kwanan wata. Tattara rasit na faranti da batir da inbata, ka ɗauki hotonsu da lambobin jikinsu, ka tura wa wani ɗan'uwa ya ajiye a wayarsa, don takardar da ke cikin durowar gidan tare da gidan take ƙonewa. Sai ka rubuta wa kamfanin, ko dillalin da ya shigar da kai, wasiƙa gajera: na sa sola mai ƙarfi kaza a kan kuɗi kaza, na ƙara esi, na fitar da shago ana sayar da kaza, ina so a shigar da su a kuma sake duba darajar gidan. Wataƙila su turo a duba, wataƙila su ƙara maka kuɗi, wataƙila su ce a raba silin ko a fitar da batir daga sito. Abin da kake jira shi ne takardar ƙari mai hatiminsu da ta ambaci waɗannan abubuwa da sunansu, da rasit na ƙarin kuɗin, don a dokar ƙasar nan kariya ba ta farawa sai kuɗi ya shiga. "Ba komai Alhaji, na ji" da wakili zai ce maka a waya ba ya shiga fayil, kuma ranar da za ka neme shi wataƙila ya bar aikin.

Kafin duk wannan, yau da dare in esi ta yi awa guda tana aiki, ɗora bayan hannunka a kan murfin soket ɗin, ka kuma leƙa wurin batir. In ka ji zafi ko ka shaƙi ƙaurin roba, kashe layin daga bireka, uwargida ta yi haƙuri da fanka har mai wayarin ya zo.